Sautin da Na Ji da Yatsa

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka. Jikokina ma sai na kira suna uku kafin in dace da na wanda nake nufi. Amma abin da ya shiga tsakanina da mai gyaran rediyon unguwarmu a Rano, wannan kam har in koma ga Allah ba zai bar ni ba. Na so in manta ɗin ma, ya ƙi.

Ni direba ne, ko in ce na yi direba. Shekara talatin da 'yan kai ina jigilar mutane da buhuna tsakanin Rano da Kano, ranar kasuwa kuma in leƙa Kibiya. A tasha ba da gudu aka san ni ba, da kunne aka san ni. Mota in ta shigo tana tari, ni ake kira. Sai in tsaya, in karkata kai, in ce a duba bawul, ko in ce fanbel ne ya saki, a buɗe a tarar haka ne. Tun ina jin daɗin abin a ɓoye har ya zame mini girman kai, na wayi gari ina ganin duk faɗin ƙasar Rano babu mai ji irin nawa.

Wannan kunnen ne ya ja ni na sayi kayan sauti a hannun wani malamin jami'a a Kano da zai koma ƙasarsu. Amfilifaya ce mai nauyin gaske, da dek na kaset, da sifikoki biyu na katako, kowace ta kai ƙugun mutum. A jikin kowace akwai babbar sifika daga ƙasa mai fitar da kaurin sauti, sai wata 'yar ƙarama daga sama, faɗinta bai wuce bakin kofin shayi ba, ita ke fitar da siririn. Ranar da na ɗauko su ban ɗauki fasinja a kujerar baya ba, kuma duk ramin da ke hanya sai da na lallaɓa shi.

Akwai wani tsohon kaset na kukuma da na fi so. In na dawo daga aiki na yi la'asar, sai in zauna a falo daidai tsakiyar sifikokin nan in lumshe ido. Ina iya nuna maka inda kowa ya zauna ranar da aka ɗauki waƙar: mai kukuma a tsakiya, 'yan amshi ta hagu, mai kiɗan ƙwarya can ta dama. Shi mai ƙwaryar yana da zobba a yatsunsa, kuma duk bugun da ya yi akwai wani ɗan ƙas-ƙas da zoben ke bayarwa a bayan kiɗan. Rediyon hannu ba ta fitar da shi, ta mota ma haka. A falona kawai ake jin sa. Baƙo in ya zo, kafin a kawo masa ruwa na zaunar da shi na ce, "Saurara, ka ji zoben?" Allah kaɗai ya san mutum nawa na gundura da wannan zobe.

Mutum ɗaya na yarda ya taɓa mini kayan nan, shi ne mai gyaran da na faɗa. Na girme shi da kusan shekara goma sha biyar. Shagonsa na bakin hanyar tasha, ɗan ƙarami, kullum yana warin dalma. Mutum ne marar yawan magana, in ya sunkuyar da kai kan aiki sai ka yi sallama sau biyu. Ni ina ce masa Injiniya don tsokana, shi kuma Alhaji yake ce mini, bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. Shi ke kula da lasifikar masallacin unguwa, ranar kasuwar Kibiya kuma ya ɗauki teburinsa a babur ya je ya kafa. Shekara ashirin yana duba mini kayan nan, kuma kafin ya taɓa su sai ya wanke hannu.

Bayan na ajiye tuƙi ne abin ya fara. Sai na riƙa jin waƙar kamar an lulluɓe ta da bargo. Kukuma na nan, muryar mawaƙin na nan, amma hasken ya tafi. Na ce kaset ne ya tsufa. Babban ɗana ya kai Kano aka juye mini waƙoƙin a memori, na saurara na ce aikin banza aka yi masa. Daga nan na sa aka kai kayan wurin Injiniya. Ya riƙe su kwana biyu ya dawo da su, sauti ya washe, zobe ya dawo. Bayan wata bakwai ko takwas bargon ya sake rufowa, na sake aika masa. Haka muka yi ta yi har shekara huɗu.

A cikin shekarun nan na zama mai ƙorafi, kuma a lokacin gani nake duniya ce ta lalace. Na ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki in za su yi magana. Na ce limaminmu ya fara haɗiye ƙarshen aya. Har gyare na ce ya ƙare a Rano, na tsaya a majalisa ina bayani cewa maganin feshin da manoma ke zubawa ne ya kashe shi. A gida kuwa, da na kunna kayan sai in ga falo ya watse, kowa ya tuno da wani aiki a tsakar gida. Hajiya, maiɗakina, takan leƙo ta ce, "Alhaji, a ɗan rage mana." Ni kuma in ce, "Ku ai kunnenku na rediyon hannu ne, ba ku san abu mai kyau ba." Sai ta saki labule ta koma. Abin da ya ƙara rufe ni shi ne, ƙugin inji bai daina zuwa mini ba, don haka a tasha ana nan ana kirana, ina kuma dacewa.

A karo na ƙarshe kayan suka kwana tara a shago. Da ya kawo su da kansa, ya jona, bai tsaya shan ruwa ba ya ce yana da aiki. Na zauna a wurin zamana na kunna. Babu zobe. Na murɗa abin ƙarin siririn sauti har ƙarshe, babu. Na tashi na manna kunnena a jikin ƙaramar sifikar, shiru. Nan take tunanin direba ya zo mini. Duk wanda ya daɗe a harkar mota ya san bakaniken da zai cire maka kaya na asali ya sa na jabu, ya ƙi haɗa ido da kai. Na ce kwana tara, ga shi ya ƙi zama, me ya rage? Ya cire mini ƙananan sifikokina ya sayar, ya liƙa mini matattu.

Da na yi abin da ya kamata, da shagonsa na nufa. Sai na nufi tasha. A majalisar direbobi, bayan la'asar, lokacin da wuri ya cika, na ce mutumin da na amince wa shekara ashirin ya ci amanata. Na faɗa da ƙarfi, don a lokacin komai da ƙarfi nake faɗa ban sani ba. Wani ya ce, "Anya, Alhaji? An buɗe an gani?" Na ce, "Ni za a buɗe wa? Kunnena ya gaya mini." Aka bar maganar a haka, don an san kunnen. Wanda bai san direbobi ba ba zai gane girman abin da na yi ba. Magana in ta shiga bakinsu, kafin gobe ta sauka a Rurum, ta sauka a Dawaki, ta riga mai ita isa Kibiya.

Hajiya ta same ni washegari ina karyawa. Ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Alhaji, mutumin nan bai taɓa cutar ka ba. Ni dai da za ka yarda a je a duba..." Sai ta tsaya. Na ce, "A duba me?" Ta kalli ƙasa ta ce, "Injin. A Kano." Na ce ba inda za a kai shi, shaida ce.

Cikin mako uku na ga aikin bakina, kuma kunya nake ji in faɗa, a lokacin daɗi na ji. Mutane suka riƙa zuwa shagon suna karɓe rediyoyinsu ba a gyara ba. 'Yan kwamitin masallaci suka kira wani daga Kano ya duba lasifika, wai don a kauce wa zargi. A sana'ar gyara amana ce jari, mutum zai bar maka kayansa a rufe ya tafi, bai san abin da ke ciki ba. Sau biyu Injiniya ya zo ƙofar gidana. Na farko an ce ya daɗe yana sallama ina falo ban amsa ba, na biyu kuwa ni na ce a ce masa mu haɗu gaban mai unguwa.

Da hantsi aka yi zaman, a zauren mai unguwa. Aka turo kayan a baro, ina biye ina faɗa wa mai turawa ya bi a hankali. Akwai liman, akwai dattawa uku, direbobi kuma sun cika bakin ƙofa. Ranar har wutar lantarki sai da ta zo kallo. Injiniya na zaune a gefe kan tabarma, ya rame, hularsa a hannu. Mai unguwa ya ce in faɗi ƙarata, na faɗa, har da ƙari. Sannan na ce a kunna kowa ya ji da kunnensa.

Aka kunna waƙar kukumar. Na bar ta ta ɗan yi tafiya, sannan na ɗaga hannu na ce, "To, jama'a, ina zoben? Akwai wanda ya ji zobe a nan?" Ba wanda ya amsa. Dattawan nan kowa ya sami abin kallo a jikin tabarma. Liman ya yi gyaran murya ya ce a ɗan rage ƙarar tukuna. Ni kuwa na ɗauka shirun nan nawa ne, har na gyara zama.

Mai unguwa ya juya wajen Injiniya ya ce, "Malam, ka ji abin da Alhaji ya ce. Me ka yi wa kayan nan?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni izini in gana da Alhaji mu biyu."

Na ce, "Babu wani mu biyu. A gaban jama'a na faɗi tawa, a gaban jama'a za ka faɗi taka."

Ya ajiye hularsa a kan tabarma. Sannan ya tashi ya zagaya bayan akwatunan da sukundireba, ya cire wayar manyan sifikokin, ya bar ƙananan kaɗai. Ya sake kunnawa. A wurina waƙa ta ɗauke, sai wani ɗan huci can nesa. Na miƙe tsaye na ce, "Kun gani? Matattu ne! Da hannunsa ya tona wa kansa asiri." Ina faɗa ina duban fuskoki, sai na ga abin da ban gane ba. Mai unguwa ya runtse ido ɗaya. Wani direba a bakin ƙofa ya toshe kunne da yatsa. Liman ya kawar da kai kamar mai ciwon haƙori.

Injiniya ya matso ya durƙusa, ya ce in ba shi hannuna. Ban san abin da ya sa na ba shi ba. Ya kama ɗan yatsana ya ɗora a hankali kan fuskar ƙaramar sifikar. Sai na ji tana rawa. Wata 'yar karkarwa ce, kamar ka danne ƙuda da yatsa yana motsi, tana zuwa tana ɗaukewa, tana zuwa tana ɗaukewa. Na san wannan tafiyar, shekara ashirin ina bin ta. Bugun mai ƙwarya ne. Zoben yana nan a ƙarƙashin yatsana, ana ta kaɗa shi, kowa a zauren yana ji har ya ishe shi.

Ya kashe injin. Ya matso kusa da ni, na ga leɓensa na motsi. So yake ya gaya mini a asirce, don ya rufa mini asiri. Ni kuma da ragowar taurin kaina na ce, "Ɗaga murya, ba raɗa muka zo yi ba." Ya ɗan ƙara, ban kama komai ba sai "Alhaji". Na ce, "Ka faɗa kowa ya ji!" Ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya gyaɗa masa kai. Sai mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya buɗe baki, har na waje suna ji.

"Alhaji, kayanka ne, ko kusa ɗaya ban taɓa cirewa ba. Shekara huɗun nan duk kawowar da aka yi, babu abin da ya lalace. Siririn sautin nake ƙara maka daga ciki don ka ji. Wannan karon na ƙure shi, kwana tara ina neman dabara ban samu ba, in na ƙara za su ƙone. Ba injin ba ne, Alhaji. Kunnen ne."

Da ya gama sai ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Mai unguwa ya ce, "To me ya hana ka gaya masa tun farko?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane bakin? Ya girme ni. Kuma da kunnen nan aka san shi."

Na koma na zauna. Ban ji haushi ba, ban ma ji kunya ba a lokacin, wata irin gajiya ce ta sauko mini tun daga wuya. A zaune a wurin na gane cewa Hajiya ta sani, 'ya'yana sun sani, liman ma ya daɗe da zargi. Shekara huɗu ina azabtar da mutanen gidana da ƙara mai tsinin allura, ina ce musu ba su san abu mai kyau ba. Ba wanda ya iya gaya mini, saboda a wurinmu ba a duban babba a ce masa ga inda ya gaza. Kowa ya yi mini kara, kuma karar nan a kan mutum ɗaya ta fashe.

A nan zauren na nemi gafararsa. Ya ce, "Ba komai, Alhaji, wallahi ba komai." Shi ya mayar da wayoyin, ya rage tsinin da ya ƙara, ya bi baron har gida.

Ɗana ya kai ni asibiti a Kano. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki, suka ɗora mini abin ji a ka, suka ce duk sanda na ji ƙara in danna. Na danna na farko-farko, daga nan na zauna ina jira, ina ganin likitar ta gilashi tana rubutu. Ta ce shekaru ne, ƙarar mota kuma ta taimaka. Ta ce siraran sautuka ke fara tafiya, kuma in sun tafi ba sa dawowa. An ba ni na'urar da ake maƙalawa a kunne. Tana taimako wajen magana, ba zan yi butulci ba, amma in na kunna waƙa da ita sai in ji kamar a cikin gwangwani ake kiɗan. Kayan suna nan a falo an rufe su da zane. Wani lokaci nakan buɗe in kunna, in ji rabin waƙar, in cika sauran da ka, kafin ta ƙare na gaji.

Wannan duk mai sauƙi ne. Aikin da ya fi ƙarfina shi ne janye maganar. Na koma majalisar tasha na tsaya inda na tsaya, na ce ƙarya na yi wa bawan Allah, ni ne kurma. Na faɗa a masallaci bayan sallah. Na bi 'yan kwamiti gida-gida har aka mayar masa da aikin lasifika. Na roƙi direbobi su kai gyaran duk inda suka kai ɓatancin. Suka ce to. Amma labarin ɓarawo yana da daɗin bayarwa a mota, labarin tsohon da kunnensa ya mutu kuwa ba mai tayawa. A Rano mutane sun dawo masa, ba duka ba. A ƙauyuka kuwa ban san iyakar inda maganata ta tsaya ba.

Bayan kamar shekara biyu na je Kibiya ranar kasuwa sayen gero. Na hango teburinsa a inda ya saba kafawa, babu kowa a gabansa sai rediyo ɗaya da yake wa dalma. Na je muka gaisa, ya ba ni benci. Ina zaune sai wani mutum da ban sani ba, da buhun barkono a kafaɗa, ya tsaya ya ja hannun rigata. Ya yi magana ban ji ba, na nuna masa kunnena. Sai ya ɗaga murya, don ya taimake ni.

"Baba, na ce in gyara ka kawo, kada ka ba wannan! Shi ne ya sace wa wani Alhaji kayan rediyo a Rano!"

Na ce, "Ni ne Alhajin. Bai saci komai ba, ni na yi masa ƙazafi. Kunnena ne ya mutu."

Mutumin ya dube ni, ya dubi Injiniya, ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, Baba. Kai dai mai haƙuri ne, har kana rufa masa asiri." Ya gyara buhunsa ya shige kasuwa.

Na juya. Injiniya bai ɗago ba, yana ta aikinsa, hayaƙin dalma na tashi a gaban fuskarsa. Na ce, "Ka ji abin da ya ce?" Ya ce, "Na saba, Alhaji." Wannan karon bai ɗaga murya ba, a leɓensa na karanta.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba, kuma ba ni na biya mafi yawa ba. In abu ya canza maka, ka fara tuhumar kanka kafin ka tuhumi wani, musamman ta wajen da ka fi taƙama da shi, don ta nan mutum ba ya tsammanin gazawa. Kuma karar da muke yi wa manya tana da kyau, amma wani lokaci marar laifi ne ke ɗaukar nauyinta. Shi ya sa na tara 'ya'yana na ce musu, ranar da kuka ga idona ya fara gazawa, ko hankalina, kada wanda ya ji nauyina. Ku gaya mini, ku kuma ɗaga murya, kafin in sake ɗora wa ɗan wani.